Daron Inna da Zarton Zobe

A layin masu aikin ƙarfe babu wanda ya kai shi saurin fushi, amma laƙabinsa Sannu-Sannu. Ba haƙuri ne ya jawo masa sunan ba. Kalmar ce yake daka wa mutane tsawa da ita duk sanda ya ji injin huda yana kururuwa a kan ƙarfe. Ya yi furfura yana yankan fallen ƙarfe marar kauri: akwatin mita, murfin tanki, bututun hayaƙi. A bangon shagonsa zartunan zobe ne jere, masu kama da kofi mai haƙora a baki, waɗanda ake ɗaura wa injin huda su fitar da rami zagayayye. Yakan ba da aron kekensa, amma zartunan nan ko matarsa ba ta isa ta kaɗe musu ƙura ba.

Ƙanensa kafinta ne, kuma a wurin Sannu-Sannu wannan kaɗai laifi ne. "Katako ai ko da cokali ka matsa masa sai ya huje," haka yake faɗa, ko a gidan biki.

Da mahaifiyarsu ta rasu, ƙanwarsu Auta ce ta ɗauki daronta na alminiyam, wanda a ciki Inna ta yi wa dukansu wanka. Ya sirance saboda gurza, kuma babu na biyunsa. Auta ta so a kafa shi a teburin kicin, a huda gindinsa a sa bututu ya zama wurin wanke-wanke. Tsoron bakin babban yayanta ya sa ta kira ƙanensa, Kafinta. Ba a jima ba sai ga ta a ƙofar shago ido jawur.

Da Sannu-Sannu ya bi ta gida, ya tarar da daron a kife. Tsakiyar gindinsa ta yage kamar tsawon ɗan yatsa, gefen ya nannaɗe. Kafinta na tsaye yana tsotsar babban yatsansa, zarton katako mai manyan haƙora na gefe.

"Da wannan ka hau shi?" in ji Sannu-Sannu. "Da haƙoran kada?"

"Rami dai rami ne, Yaya."

"Bakinka ma rami ne, rufe shi. Falle kamar takarda, ka kawo haƙoran da tsakaninsu akuya za ta wuce, ka kuma sake wa inji wuta. Ina za su ƙi cafka? Ko itacen mangwaro ka ɗauke shi?"

"Ni ma ya yanke ni."

"Ya kyauta."

Ya juya kan Auta. "Ke kuma ina raye kika kira mai ƙusa."

"Yaya, ka yi faɗan daga baya. Zai gyaru ko ba zai gyaru ba?"

Sannu-Sannu ya koma kan daron. Ya ɗora bakin bututun a kan yagewar, ya ga leɓensa ya rufe ta da ƙyar. Dole ramin ya haɗiye yagewar duka, kuma kada ya fi leɓen faɗi, in ba haka ba daron ya zama rariya. Ya zaro zarton da ya dace daga jakarsa, mai ƙananan haƙora kamar na kifi. Sai dai ɗan tsinken da ke tsakiyar zarto, wanda ke riƙe shi kada ya zame, ba shi da inda zai kama. Wurin nasa ne ya yage.

Sannu-Sannu ya san maganin, shi ya sa ransa ya ƙara ɓaci. Ya kalli bango ya ce, "Katako biyu nake so. Masu kauri."

"Na'am, Yaya? Kunnena bai ji ba," in ji Kafinta.

"Katako, na ce. Ɗaya a ƙasa ya tallafi fallen, ɗaya ka huda shi daidai faɗin zartona a ɗora a sama ya zame masa hanya."

"Da cokali zan huda ko...?"

"Auta, riƙe ni kada in yi kisan kai a kicin ɗinki."

Kafinta ya yanko katakan, ya huda na saman tas, har Sannu-Sannu ya duba ta ko'ina ya rasa abin kushewa, ya ce katakon yana wari. Suka matse gindin daron a tsakani da ƙarfen matsi. Ya ɗiga kananzir a haƙoran, ya tayar da inji a hankali. Kafinta ya danne daron da ƙirjinsa.

"Sannu-sannu," in ji yayan cikin haushi.

"Kai ke riƙe da injin."

"Da kaina nake."

Zarton ya yi ta 'yar ƙara, farin gari na taruwa, har sautin ya sauya ya shiga katako. Suka kwance. Ramin ya fito zagaye sumul, yagewar ta tafi da ɗan faifan da ya maƙale cikin zarto. Leɓen bututu ya zauna ɗas.

Sannu-Sannu ya zaƙulo faifan da ƙusa, ya goge shi a riga, ya nufi aljihu da shi.

"Yaya, wannan ai nawa ne. Har jinina yana jiki," in ji Kafinta.

"Shaidar ɓarnarka ce, zan rataye ta a shago."

Auta ta miƙa hannu ta karɓe, ta ƙulle a gefen zanenta. "Daron nawa ne har raminsa. Ku tashi ku haɗa mini bututu."

Suka durƙusa ƙarƙashin tebur kafaɗa da kafaɗa, Sannu-Sannu yana faɗa tun kafin Kafinta ya taɓa komai.