Injiniya Jethro Kazah da Tantanin da Aka Shanya

Mai wannan rubutu tana neman afuwa tun farko. Ita ba kowa ba ce, ɗalibar aji biyar ce a sakandare da ba ta iya magana a gaban jama'a. Ta ɗauki alƙalami ne don ta gaji da jin ana kiran marigayin "Baba Mai Leda", alhali injiniya ne.

Haihuwa da Karatu

An haifi Jethro Kazah a garin Zonkwa a shekarar 1949. Mahaifinsa Bulus manomin citta ne, mahaifiyarsa kuma Saratu. Ya karanci ilimin sinadarai a Kaduna, ya kammala a 1974.

Aiki da Iyali

Ya yi shekara ashirin da biyar yana kula da ruwan rini a wata masaƙa a Kakuri. Ya auri Grace a 1977, Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu. A 1999, shekarar da soja suka koma bariki, ya bar aiki, ya mai da garejinsa na Narayi ɗakin bincike.

Tantanin Tace Ruwa

Bayan shekara takwas ya ƙera wani tantani siriri mai kama da leda. A zuba ruwan kogi a gefe guda, ruwan gishiri da sukari a ɗaya gefen, sai ruwa mai tsabta ya riƙa ratsowa da kansa ya bar ƙazanta a baya, ba inji, ba wutar lantarki, wadda dama babu ita. Sharaɗinsa ɗaya tak: kada ya bushe, in ya bushe ya tsage.

Da daminar 2007 amai da gudawa ta kwantar da yara a Makera. Injiniya ya raba tantani talatin, kowanne da bayani shafi shida cikin Turanci. Bayan kwana uku ya koma, ya tarar da su reras a kan igiya, an wanke su da sabulu, an shanya tare da ƙyallen tatar koko.

"Hajiya Kulu, wa ya ce ku shanya?" in ji shi ga mai kokon unguwar.

"Haba Baba Injiniya! Wace ƙazama ce za ta ajiye mataci a jiƙe? Ya yi funfuna?"

"Yana shafi na huɗu!"

"Takardar? Ai ƙosai aka naɗe a ciki."

Guda goma sha biyu suka rage masa, sinadarin ƙera wasu ya ƙare, yara kuma na ta kwanciya, har da jikar Hajiyar 'yar shekara uku. Ya koma gida yana huci, ya zauna zai mai da bayanin shafi goma.

"Kai da shafukanka!" in ji Grace. Ta kwashi ragowar ta hau acaɓa zuwa Makera.

"Kulu, kina barin gasara babu ruwa a kanta?"

"Allah ya kiyaye!"

"To wannan ma gasara ce. Ki nutsa ta, kullum ki sauya ruwan."

Ko ɗaya bai sake bushewa ba. Gidaje suka riƙa karɓa-karɓa har yaran suka miƙe. Har ƙarshen rayuwarsa kuwa Injiniya bai daina ƙorafin cewa aikin shekara takwas aka mayar gasara ba.

Rasuwa

Ya rasu ranar 9 ga Maris 2019, aka yi masa jana'iza a Zonkwa. Ya bar matarsa Grace da 'ya'ya huɗu: Judith, Wilson, Phoebe da Albert.

Jikar nan ta Hajiya Kulu ita ce mai rubutun. Ranar taron tunawa da shi ta tura takardun rubutun nan a ƙarƙashin Littafi Mai Tsarki na Mama Grace, shafi biyu kacal don kada a naɗe ƙosai, ta sulale ta ƙofar baya kafin wani ya tambayi 'yar gidan wa ce.