Baba Sankira da Turmin Sarauta

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, sankiran wani ɗan gari da ke tsakanin Dutsi da Mashi. Aikinsa shela. Ba a sanin an yi sabon mai gari sai an ji daga bakinsa.

Ina 'yar shekara takwas mai garinmu ya rasu, ana tsakiyar yankan gero. Abokin Baba ne, tare suka yi kiwon awaki suna yara. Bayan sadakar bakwai aka naɗa ƙanen marigayin a fadar sarki, Baba ya fita bakin kasuwa da la'asar. Har yau nakan ga ranar kamar cikin mafarki: zangarniya jibge a kan amalanke, hasken yamma ja wur, shi kuma tsaye da farar riga. Ya ambaci wanda ya tafi, ya yi shiru har mutane suka fara kallon juna, sannan ya ambaci wanda ya hau.

Washegari mu yaran gida muka mai da abin wasa. Muka kife turmi, muka naɗa wa yayata Hadiza zanen Inna a ka, ni kuma na zama mai shela. Dokar ita ce sarki ba ya dariya. Da ya dara ya mutu, sai mai shela ta ce sarki ya rasu, sarki ya hau, wata ta ɗare turmin. Kafin azahar mun binne sarakuna sun fi goma.

Inna ta fito da muciya, tana faɗin ba mu da ta ido, mutumin nan ko abinci bai ci ba tun jiya. Baba ya hana ta. Ya zauna a gindin rumbu yana kallonmu, idonsa jawur, daga baya ya kira ni.

"Kina sauri, Uwani," ya ce. "Ki riƙa tsayawa tsakanin biyun. Wanda ya tafi ma mutum ne."

Yanzu jikokina na da irin wasan a waya. Sarki ya faɗi, wani ya hau kafin ƙiftawar ido. Ko me Baba zai ce? Ina jin ba zai yi faɗa ba, shi da yake cewa duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Zai dai tambaya ko akwai mai yi wa wanda ya faɗin addu'a.

Da nasa lokacin ya zo, a lasifikar masallaci aka sanar. Babu wanda ya gaji sankirancin, yayyena duk sun koma fataucin dabbobi. Ba mu taɓa ɗaukar muryarsa a kaset ba, kuma ta fara ɓace mini.

Abu ɗaya ya rage. In aka yi rashi a dangi, ni ake aikawa in sanar da tsofaffi, domin ba na faɗa ta waya. Nakan ɗauki mayafi in tafi da ƙafata, in zauna, in bari a gama gaisawa. Allah ya jiƙan Baba.