Katantanwar Baffa

Jiya ina kakkaɓe rigunan Baffa, yayan mahaifina, shekara guda da rasa shi, sai katantanwa ta faɗo daga aljihu.

Da ita yake koyar da kimiyya a garin Isa. Ranar da na ce ban gane karatun da ya yo a ƙasar waje ba, ya zuba gero a faranti, ya murza katantanwar a ciki, tsaba ta watse hagu. Ya murza ta baibai, ta watse dama.

"Ka gani? Hakanan proton, ɗan mitsitsin da ke cikin ƙwayar zarra, yake. In shina juyi ya kara da tsakiyar ƙwayar zarra marar nauyi, sai wani ɗan abu ya fito, pion. Kafin ka ƙifta ido ya ɓace. Sawunai kaɗai ke shaida ya zo duniya."

Bara ne 'yan bindiga suka tare motar da yake ciki a hanyar Sabon Birni, suka tafi da shi. Kwana uku muna bin sawun babura har bakin daji. Takalminsa ɗaya muka tsinta, muka yi masa salla ba gawa.

Na murza katantanwar, ta kife. Allah, Kai ka san inda ya faɗi. Ka sanyaya masa wurin.