Yadda shayin fada da zuma suka kusa raba ni da ƙafata

Assalamu alaikum. Kun daɗe ba ku ga rubutuna a nan ba. Wasu an ce musu ina Kotonu wajen kaya. Ba can nake ba. Kwance nake.

Duk wanda ya san ni a Gaya ya san ban gaji komai ba. Daga katiriyam, aji na uku, na bar kolej, na yi dako a bakin duwan, wato kwastan, har Allah ya ba ni magaza, babban shagon shinkafa, da kamiyo na kaina, babbar motar kaya. Mutum irina bakinsa bai iya furta "ba ni da lafiya" ba.

Ƙishirwa ce ta fara. In sha ruwa, in ƙara, bakina a bushe. Ga yawan fitsari. Na rame har wando ya riƙa zame mini. Maiɗakina Rabi ta matsa, na tafi likita. Majo, babban ma'aikacin jinya, ya soki yatsana, ya dubi na'ura, ya dube ni.

"Alhaji, diyabet ce, ciwon sukari. Shayi nawa kake sha a rana?"

Dariya na yi. Wa ke ƙirga shayi?

Fadarmu, inda muke taruwa hira da shan shayi, a ƙofar magazata take. Daga la'asar buta ba ta sauka daga gawayi: na farko, na biyu, na uku, a zubar da ganye a sake. Ni ke sayen ganye da sukari shekara da shekaru. Mai dafawa kuwa Hamani ne, Bazabarme, abokin wasana, wanda hannunsa bai san ragi ba in ya zo kan sukari.

Ranar da na fara mayar da kofi, 'yan fada duk suka juyo suna kallona.

"Patoro, lafiya? Ko kuɗin sun kai inda ba a shan shayin talaka?" in ji Hamani. Patoro suke ce mini, wato maigida.

Na ce, "Shayin Zabarmawa ne ya gundure ni." Aka yi dariya. Kashegari na sake mayarwa. A wurinmu wanda ya ƙi kofi, mutane ya ƙi. Aka daina miƙo mini. In na zauna hira ta lafa. Sai na koma shigewa cikin magaza, ina jin shewarsu ta bayan buhuna.

Ban iya jurewa ba.

Wani mai sayen shinkafa daga Tanda ya ce a gabana zuma ba sukari ba ce, magani ce. Na kama maganar hannu biyu. Na sayo jarka guda na dire gaban Hamani, na ce daga yau da wannan za a dafa, haka manya ke sha. Fada ta dawo mini. Ƙwayoyin da aka rubuta mini ma na ajiye, tunda a ganina magani nake sha kofi-kofi.

Ƙusa ce ta tona ni. Ta huda silifas ɗina a magaza, ban ji komai ba, sai Rabi ce ta ga jini a tabarma. Ciwon ya ƙi warkewa, ya yi baƙi, ya soma wari. Aka tura ni asibitin Doso.

Dokotoro bai yi mini kwana-kwana ba: "Babban yatsa ya riga ya tafi. Ƙafar muke ƙoƙarin ceto. Zuma na da amfaninta, Alhaji, amma jininka bai bambanta ta da sukari."

Aka yanke yatsan.

Kullum da safe a soki yatsan hannu a auna, a yi pikir, wato allurar insulin, a buɗe pansama, ɗaurin ciwon. In za a buɗe, bango nake kallo, ina jiran in ji an ce baƙin ya hau sama. Analis na jini, sarum na ƙarin ruwa, da farmasi, sun cinye abin da na tanada don sabunta tayoyin kamiyo. Wannan bai dame ni ba.

Abin da ya dame ni lokacin ziyara ne. Tsohon da ke gado kusa da nawa, manomi daga Tunuga, 'yan'uwansa kan cika ɗakin har a kore su. Ni kuwa Rabi ce kaɗai, ita ma tana kai-komo saboda yara. Ni na hana ta faɗa wa kowa. Wayata kan yi ƙara, in ɗauka da sauri, a ce, "Patoro, nawa buhu yau?"

Wata rana tsohon ya juyo ya ce, "Ɗana, kai baƙo ne a ƙasar nan?"

Na ce masa eh.

Sannu a hankali sukari ya sauka, naman ya yi ja. Ranar da dokotoro ya ce ƙafa ta tsira, na ja zane na rufe fuskata.

Bayan na dawo gida Rabi ta faɗa wa matar Hamani. Hamani ya zo, ya tsaya bakin ƙofa yana kallon ƙafar, ko zama bai yi ba.

"Kai Bahaushen banza! Da hannuna na riƙa zuba maka zumar nan, kana kallona. Me na yi maka?"

Ban taɓa ganin idonsa ya kaɗa haka ba.

Yanzu ina takawa, da takalmi rufaffe. Tuwo kaɗan, ganye da kifi da yawa, magani a kan lokaci. Hamani kan tsiyaya mini nawa kafin ya zuba sukari. Ɗaci ne da shi kamar maɗaci, ina shanyewa. Wasu 'yan fadar har yau ba su sake da ni ba, ban kuma ga laifinsu ba.

Alhamdu lillahi. Na gode wa ma'aikatan da suka wanke ciwon da ni kaina ba na iya kallo. Rabi, Allah ya biya ki.

Ku kuma, in ƙishirwa ta yi yawa, ku je a auna. Zuma, dabino da rake, ku tambayi likita kafin ku sake jiki da su. Kada ku ajiye magani don kun ji sauƙi. Ku duba tafin ƙafarku kullum.

Kuma tun ranar farko ku faɗa wa mai dafa muku shayi. Da na faɗa wa nawa, da yanzu da nake rubuta muku wannan yatsun ƙafafuna goma suna nan cif.