Fai ɗin Cakulan na Hajiya Ummulkhair

Alima 'yar unguwar Nima ce, a birnin Akara na ƙasar Ghana. Ta tashi a gefen kaskon mahaifiyarta, Mma Turai, mai suyar gyaɗa a bakin tasha, har ya zama daga ƙamshi take gane gyaɗa ta soyu. A 2016 ta zo Dubai aikatau, gidan Injiniya Mubashir da matarsa Hajiya Ummulkhair a unguwar Muraƙƙabat. Fasfonta kuwa tun ranar da ta sauka yake kwance cikin akwatin sarƙoƙin Hajiya, wai don kada ya ɓata.

Tana cikin shekara ta uku ƙanwarta Rabi ta bugo waya. Idon Mma yana tafiya, likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa. Yanzu sai abu mai haske sosai take iya gani, kuma ba ta da magana sai ta son ganin fuskar Alima.

Alima ta durƙusa gaban Hajiya ta roƙi hutu. Hajiya ba ta ɗago ba, sai ta juyo mata da fuskar waya, ga bidiyon wata Baturiya tana koyar da wani gashin fulawa.

"Kin ga wannan? Fai ne na cakulan da pikan, wata gyaɗar Amurka. Matar ogan Injiniya ta ce kowa ta kawo girkin hannunta walimar ƙarshen shekara. Ki fitar da ni kunya, khalas, shi ke nan, Disamba kina Ghana."

"Madam, da gaske?"

"Na taɓa yi miki ƙarya?"

Na farkon da Alima ta gasa ya ƙone ƙurmus. Na biyu tsakiyarsa ta tsinke kamar kunu, Hajiya ta zuba shi a shara tana tsaki, ita da ko shayi sai an haɗa mata. Alima ta ajiye bidiyon gefe. Ta soya pikan ɗin a busasshen kasko yadda Mma ke yi wa gyaɗa, tana juyawa tana shinshinawa. Ta sa zumar dabino maimakon ruwan sukarin da Baturiyar ta ce, ta barbaɗa ɗan gishiri cikin narkakken cakulan, ta bar kwaɓin fulawa da bota ya huce a firji kafin ta murza shi. Da ta buɗe obin, har maƙwabta suka leƙo.

Ranar hutunta ta je unguwar Satwa, ta ba tela wani yadi ruwan ɗorawa, mai kashe ido. Ta ce da wannan rigar za ta shiga gida, don Mma ta hango ta tun daga ƙofa.

A walima ko ɓurɓushi bai rage ba. Hajiya ta dafa ƙirji tana fari da ido, wai ai ita tun tana Kano take irin wannan gashi. Mata suka yi mata caa, wannan na son na Kirsimeti, waccan na sabuwar shekara. Kafin gari ya waye ta buɗe shafin sayarwa da sunanta da hotonta.

Alima na ninke kayanta cikin jakar tafiya Hajiya ta tsaya bakin ƙofa.

"Ina za ki? Ba ki ga oda ba? Haba Alima, ki ji tsoron Allah mana. Shwaiya shwaiya, sannu a hankali, bayan sabuwar shekara, inshallah."

Sabuwar shekara ta wuce, aka ce bayan azumi. Da fai ɗin ya lalace a ranar nan, wallahi da tuni an sallame ta da zagi, ta tafi gida. Kyansa ne ya ɗaure ta, kuma ta san haka, abin da ya fi ci mata rai ke nan.

Ranar Sallah ta sa rigar a kicin, ta kira Rabi ta bidiyo, ta ce a kai wa Mma wayar dab da fuska.

"Mma, ga ni. Kin ga rigata?"

Mma Turai ta yi ta shafa gilashin wayar da yatsa, idanunta na kallon wani wuri daban.

"Ta yi kyau, uwata," in ji ta. "Faɗa mini, wace kala ce?"

Daga falo Hajiya ta ƙwala kira: "Alima! Yalla, pikan ɗin nan zai ƙone!"