Zobon Baba da Giyar Sisili

Jiya wani Bature ya tambaye ni wace jar giya ce ta dace da naman rago. Na ce ta Sisili, ko gargada ban yi ba. Nan take Baba ya faɗo mini a rai.

Dattijo ne ɗan kargo, mai aika kayan mutane gida, ɗakinmu ɗaya a unguwar Al Nahda can ƙasar waje lokacin da na samu aikin kai abinci a otal. Ranar Juma'a yakan dafa zobo, ƙamshin citta da kanumfari ya cika ɗakin, ni kuwa ina gefe ina haddar abin da ban taɓa ɗanɗanawa ba: giyar Tuskani da gasasshen nama take tafiya.

Bai yi mini wa'azi ba. Kofi ya miƙo mini, ya ce, "Sha namu, ɗana, shi ba ya zaɓen abinci. Ƙara haƙuri, zan cire ka daga wurin nan."

Korona ta riga shi, ta yi ajalinsa. Shekara ta zagayo, ina nan ina tsiyaya wa mutane.

Allah Ya shayar da kai ruwan Alkausara, Baba. Ni kuma Ya karɓe kwalbar nan daga hannuna, don na kasa ajiye ta.