Mai Sunan Inna

Shekarar da na fara koyarwa a kwalejin nan ta Doha, ɓangaren mata aka tura ni, ajin share fage na lissafi. Kwalejin ba tsohuwa ba ce. An buɗe ta ne domin waɗanda jami'a ta wuce su: yarinyar da makinta bai kai ba, ma'aikaciyar da ke neman ƙarin takarda, matar da aure da reno suka ɗauke wa hankali. Mutum zai fara da Turanci da lissafi, in ya haye ya shiga difloma ta shekara biyu, mai rabo kuma ya zarce jami'a. Ni ce a bakin ƙofar farko, kuma lissafin nan nawa shi ya fi korar mutane.

Ajin yamma aka ba ni. Kafin in shiga, ƙamshin turaren wuta ya riga ya cika ɗakin, ga kofunan shayin madarar da suke kira karak a kan tebura, ga surutu kamar gidan biki. 'Yan mata ne galibi, masu wayar da ba ta rabuwa da hannu. Sai wata dattijuwa guda a layin gaba, da lalle a tafinta da tabarau a kan hanci, ta fiƙe fensirinta tsaf. Ta haifi duk wadda ke ajin, ni ma saura kaɗan.

Ranar farko ina kiran suna, na zo kan nata, sai bakina ya ƙi. Sunan Innata ne.

A gidanmu a Zariya ba a faɗin sunan uwa. Ko 'yar yayana da aka raɗa wa sunan, mai sunan Inna muke ce mata har ta yi aure. Ga shi kuma a lokacin Inna ba ta daɗe da rasuwa ba. Ina nan Doha aka yi jana'izarta, ta waya na ji an kai ta. Don haka na ɗaga kai, na yi wa dattijuwar murmushi, na sa mata alamar ta zo, na wuce suna na gaba.

Haka na ci gaba da yi. In magana ta kama, in ce mata Mama. Ba na tura ta allo, don a tarbiyyar da aka yi mini ba a tsai da babba a gaban yara ya yi kuskure su dara. Ba na kallon tsakiyar idonta. In ta ɗaga hannu, sai in yi sauri in ba da amsar da kaina don in hutar da ita. Ni a ganina girma nake ba ta har da gyara, ina ma yaba wa kaina.

Da farko ta daina ɗaga hannu. Daga baya ta koma layin ƙarshe. Sannan kujerarta ta zama wayam. Dokar kwalejin kuwa ita ce, wanda fashinsa ya yi yawa a share fage sai ya sake daga farko, kuma na san mace mai shekarunta in ta fita ba za ta sake dawowa ba. Abin ya dame ni ƙwarai.

Na kai kukana wajen maƙwabciyata a unguwar Old Airport, wata nas 'yar Jos da ba ta iya ɓoye magana ba. Na jera mata duk irin ladabin da na yi wa matar nan. Ta saurara, ta tuntsire da dariya.

"Malama, kunyar Zazzau kika kwaso har Doha? To ita ina ta san da wannan? Ni ma da na tashi cikinku, in kika tsallake sunana kullum sai na tambaye ki dalili. Yalla, maza ki nemo ta."

Wata ɗalibar ajin, maƙwabciyar dattijuwar ce a unguwar Al Aziziya, ita ta raka ni gidanta bayan la'asar. Aka kawo gahawa da dabino. Jikoki na shiga suna fita, kowa na kiran "Yumma, Yumma," wato mama. Da Larabcina na Islamiyya da ɗan Turancinta muka lallaɓa.

"Ustaza, ba sai kin wahalar da kanki ba," in ji dattijuwar. "Na gane. Kina ganin kan tsohuwa ba zai ɗauka ba. Kowa kina kiran sunanta, ni kina tsallake ni kamar kujera. Khalas, shi ke nan, na huta."

Kunya ta rufe ni. Na gaya mata gaskiya: sunanta sunan mahaifiyata ne, mu ba ma faɗa, kuma mahaifiyar tawa ta rasu. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta yi wa Inna addu'a, ta kama hannuna ta riƙe.

"To ni ma bari in gaya miki, 'yata. A gidan nan Yumma ce ni. A waje uwar wane. Tun da mahaifiyata da maigidana suka rasu, babu wanda ya ƙara kirana da sunana. Lissafin ina so, amma abin da na fi so shi ne in zauna a aji, a kira ni yadda ake kirana ina yarinya, a ce tashi ki je allo. In na kasa, a yi mini faɗa." Ta saki hannuna. "Amma ba zan tilasta miki ba. Al'adarku ce."

Ba ta ce za ta dawo ba, ni ma ban iya roƙonta ba.

Ranar Lahadi, farkon mako ke nan a can, na shiga metro, jirgin ƙasan cikin gari, ina gwada sunan a zuci. Har na canza jirgi a tashar Mushairib leɓena na motsi, sauti bai fito ba. Ina ta ba Inna haƙuri, ina ce mata ba raini ba ne.

Na tura ƙofar aji, sai ga ta a layin gaba da fensirinta. Ba ta dube ni ba. Na fara kiran suna, 'yan mata na amsawa cikin hayaniya, har na iso wurin. Na tsaya. Ajin ya yi tsit, don kowa ya san a nan nake tsallakewa. Na dubi tsakiyar idonta, na faɗi sunan.

"Na'am, Ustaza," ta amsa da ƙarfi, har da ɗaga hannu.

Rabon da in ji an kira sunan nan kuma an amsa, tun Inna na da rai. Na juya da sauri ina goge allon da ban rubuta komai a kansa ba. Sannan na rubuta lissafi mai ɗan wuya, na sake kiran sunan, na miƙa mata alƙalamin allon.